Hoton Ƙashin Baya: Wanda Za A Ɗauka, Yadda Ake Kwantar Da Shi, Da Yadda Ake Karantawa

Mai ciwon baya yakan shigo asibiti da buƙatarsa a baki: a yi masa hoto a ga abin da ke ciki. A wurinsa gani ya kori ji. Sai dai hoton eksire ƙashi yake nunawa. Faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa, da jijiyoyin da ke sauka ƙafafu, da laka, da tsoka, duk hasken na'urar ratsa su yake yi ya wuce, gurbinsu kawai ake gani. Yawancin ciwon baya kuwa daga nan yake tasowa. Don haka kafin a cike takardar neman hoto sai likita ya amsa wa kansa tambaya: me nake zargi a ƙashin mutumin nan, wanda in na gan shi zai sa in sauya maganin da zan ba shi?

Ƙasusuwan ƙugu biyar ne, ana ƙirga su daga sama, L1 zuwa L5. A samansu akwai T12, na ƙarshe mai ɗauke da haƙarƙari, a ƙasansu kuma sakuram, ƙashi mai kusurwa uku da ke zaune tsakanin ɓangarorin kwatangwalo. Kowane ɗaya yana da ganga ta gaba wadda ke ɗaukar nauyi, da baka ta baya wadda ta kewaye hanyar laka. Gajerun ginshiƙai biyu ne suka haɗa gangar da bakar. Daga bakar fukafukai biyu suka fita hagu da dama, sai ƙaya ɗaya da ta nufi baya, ita ce hannu ke ji idan aka shafa tsakiyar gadon baya. A jikin baligi laka tana ƙarewa wajen L1 zuwa L2. Daga nan zuwa ƙasa damin jijiyoyi ne, wanda likitoci ke kira wutsiyar doki.

Wanda ya cancanci hoto

Baligin da ya ɗaga kaya bayansa ya riƙe, ba zazzaɓi, ba rama, ƙafafunsa suna aiki yadda suka saba, ba ya buƙatar hoto a makonni shida na farko. Irin wannan ciwon yakan lafa da motsa jiki da maganin rage zafi. Ƙa'idar da hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya, ta fitar a 2016 ta ce kada a mayar da hoto abin yi wa kowane mai ciwon baya a matakin farko, kuma yawancin ƙungiyoyin likitoci a kan haka suke.

Waɗanda hoto ke yi wa amfani su ne mutumin da ya faɗi ko ya yi hatsari kuma ƙashin yana zafi idan an danna. Tsoho ko tsohuwa da ciwo ya kama farat ɗaya bayan ɗan tuntuɓe ko ma tari, domin ƙashin da ya zaizaye yana iya lotsawa ba tare da wani bugu ba. Da wanda ya daɗe yana shan magungunan siteroid. Haka nan wanda ya taɓa yin cutar kansa, wato daji, musamman ta nono, ta ƙullun da ke ƙasan mafitsarar maza, ta huhu ko ta ƙoda, da mai zazzaɓi da gumin dare da rama, wanda ake jin tsoron tarin fuka ya kama masa ƙashin baya. Akwai kuma matashi ɗan ƙasa da shekara 45 da bayansa ke sandarewa da safe fiye da minti 30, in ya motsa ya ji sauƙi, in ya kwanta ya ƙaru. Sai yaro ɗan wasan motsa jiki da ke jin zafi idan ya banƙare, da wanda bayansa ya karkace ko ya yi doro, da wanda aka sa wa ƙarafa ana son a ga zamansu.

Akwai inda tsayawa yin hoton ƙashi ɓata lokaci ne. Mutumin da fitsari ya ƙi fita ko yake zuba bai sani ba, bayan gida yana kuɓuce masa, tsakanin cinyoyinsa da duwawu sun mutu ba ya jin taɓi, ko ƙafafunsa biyu suna raunana, wannan ana zargin an matse wutsiyar doki. MRI, hoton maganaɗisu mai nuna laka da jijiyoyi, yake buƙata a ranar, da likitan tiyata. Wanda ya faɗo daga bene ko mota ta yi jifa da shi, CT ne nasa, wato hoton kwamfuta mai nuna jiki yanka-yanka, domin hoton ƙashi yana ɓoye karaya da yawa.

A kuma riƙe wannan: hoto mai kyau bai wanke mara lafiya ba. Sai kansa ta cinye kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ƙashi kafin ramin ya bayyana a eksire. Ƙwayar cuta a faifan guringuntsi tana iya yin mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, hoton yana nan lafiya lau. In alamomin haɗari suna nan kuma hoton bai nuna komai ba, sai a wuce zuwa gwajin jini da MRI.

Nauyin haske da shirin ɗauka

Hoton ƙugu yana cikin masu nauyi a hotunan ƙashi, saboda sai hasken ya ratsa ciki gaba ɗaya. Cikakken jerin hotunan ƙugu yana kaiwa wajen milisibat 1 zuwa 1.5 (milisibat shi ne ma'aunin hasken da jiki ya sha), alhali hoton ƙirji guda ɗaya wajen 0.02 ne. Abin da ɗan'adam ke samu daga ƙasa da iska da sararin sama a shekara, a matsakaicin lissafin duniya, wajen 2.4 ne. Wato jerin hoton ƙugu ɗaya ya kai kusan na rabin shekara. Ba abin tayar da hankali ba ne ga mai buƙata, amma duk maimaici ninki ne, kuma mahaifa da ƙwan mace suna cikin filin da hasken ke bi.

Saboda haka duk macen da ke cikin shekarun haihuwa a tambaye ta ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe, a keɓe, ba a gaban 'yan rakiya ba. In ta yi ɓatan wata ko tana kokwanto, a dakata a yi gwajin ciki, a koma wa likitan da ya turo ta.

A tabbatar da suna da ranar haihuwa daga bakin mara lafiya. A ba shi rigar asibiti, ya cire bel, da wando mai zif ko maɓalli, da rigar mama mai ƙugiya, da duk wani abin ado da ke ɗaure a ƙugu. Robar wando mai kauri ma tana fitowa a na'urorin zamani. In an ba shi ruwan bariyam don hoton hanji a 'yan kwanakin nan, ragowarsa za ta rufe ƙasusuwan da fari fat, gara a jinkirta in ba gaggawa. Ba a buƙatar azumi ko maganin wankin ciki. Game da faifan darma da aka saba ɗorawa a kan al'aura, tun daga 2019 a Amurka da 2020 a Birtaniya manyan ƙungiyoyin masana suka ba da shawarar a daina: a jikin mace yakan rufe sakuram, in kuma ya hau kan ma'aunin da ke yanke haske da kansa, na'urar sai ta ɗauka jikin ne mai kauri ta ƙara wuta. Abin da ke rage haske da gaske shi ne tsuke filin da samun hoton a karo ɗaya.

Hoton gaba

A kwantar da shi rigingine a tsakiyar tebur, hanci da cibiya a layi ɗaya da tsakiyar giridi, allon da ke tace hasken da ya fantsama kafin ya isa hoto. Ya lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a kan tebur. Ga dalilin: zura hannunka a ƙarƙashin ƙugun wanda ya miƙe ƙafafu, za ka ji rami har hannun ya shige. Ya ɗaga gwiwoyi, ramin ya rufe, baya ya manne da tebur. Wannan lanƙwasar ta ƙugu ita ce ke sa gangunan su hau kan juna a hoto, su rufe gurbin faifai. Sannan a taɓa tsinin kwatangwalo na gaba, hagu da dama, a tabbatar nisansu da tebur ɗaya ne.

Da babban farantin karɓar hoto mai santimita 35 da 43, a saita tsakiyar haske daidai da saman kwatangwalo, wanda ya yi daidai da L4 zuwa L5. In ƙasusuwan ƙugu kaɗai ake so a ƙaramin faranti, a hau sama da wajen santimita 4, daidai ƙasan haƙarƙari, wato L3. Nisan fitilar eksire da faranti santimita 100 zuwa 115, da giridi, kVp (ƙarfin ratsawar haske) 75 zuwa 85 ga matsakaicin jiki, a zaɓi na tsakiya cikin ma'aunan da ke yanke haske da kansu. A tsuke filin ta gefe amma a bar mahaɗar sakuram da kwatangwalo a ciki. A ɗora alamar dama ko hagu ta darma a cikin filin kafin a ɗauka. Wadda aka rubuta a kwamfuta daga baya zato ce kawai. A ce masa ya ja numfashi, ya fitar, ya riƙe. Fitar da numfashi yana ɗaga tantanin da ya raba ƙirji da ciki, huhu ya janye daga kan L1, cikin kuma ya ɗan rage kauri.

In mutum zai iya kwanciya rubda ciki ko ya tsaya yana fuskantar faranti, shigar da hasken ta baya ya fi. Hasken yana bazuwa ne kamar mafici, bazuwar kuma ta dace da lanƙwasar ƙugu idan ta baya ya shigo, gurbin faifai ya buɗe. Ƙashin kwatangwalo da tsokar baya kuma suna tare wa kayan ciki wani kaso. Abin da aka rasa ɗan ƙarin girman hoto ne, saboda ƙashin ya ɗan yi nisa da faranti.

Kafin a sauke shi a duba: T12 har zuwa sakuram sun fito, ƙayoyi suna tsakiyar ganguna, fukafukan hagu da dama tsawonsu ɗaya, mahaɗun kwatangwalo biyu nisansu ɗaya da tsakiya.

Hoton gefe, inda aka fi yin kuskure

A juya shi ya kwanta a gefe, yawanci na hagu, gwiwoyi a lanƙwashe, matashi a ƙarƙashin kai, wani a tsakanin gwiwoyi don kada ƙafar sama ta ja kwatangwalo gaba. Hannaye a gaba, nesa da filin. Tsaya ta bayansa ka sunkuya har idonka ya yi daidai da gadon baya, ka bi ƙayoyin da yatsa. A jikin mai faɗin kwatangwalo da siririn ƙugu za ka ga layin ya lotsa a tsakiya kamar igiyar shanya. In aka ɗauka a haka, kowace ganga za ta fito da baki biyu sama da ƙasa, gurbin faifai ya zama kamar ya tsuke alhali lafiyarsa ƙalau. Maganinsa soso marar tare haske a cusa a ƙarƙashin ƙugu har layin ya miƙe daidai da tebur. In bai miƙe ba, a karkata fitila zuwa ƙafafu da digiri 5 zuwa 8, ƙarami ga maza, babba ga mata. In bayan a karkace yake tun asali, a kwantar da shi a kan gefen da ya turo waje, don bazuwar haske ta bi gurbin faifan.

Kafaɗu da kwatangwalo su tsaya ɗaya bisa ɗaya, ba wanda ya zube gaba ko baya. Tsakiyar haske daidai saman kwatangwalo, a layin tsakiyar gefen jiki. A ɗaga kVp zuwa 85 ko 95, domin jiki ta gefe ya fi kauri sosai. A shimfiɗa tabarmar darma a kan tebur daf da bayansa. Hasken da ya wuce ta bayan fata ba tare da ya ratsa jiki ba yana fantsama ya dusashe hoton, ƙayoyi su ƙone su ɓace. Darmar tana shanye shi. Wannan ɗan aikin na daƙiƙa biyar yana cikin abubuwan da ke bambanta hoton ƙwararre da na ɗan koyo.

Hoton gefe mai kyau: bakin baya na kowace ganga layi ɗaya ne, ramukan da jijiyoyi ke fita a buɗe, gurbin faifai a fili daga T12 har L5. In bakin baya ya zama biyu, jikin ya juya. In bakin sama da ƙasa ne suka zama biyu, ƙugu ya lotsa.

Sau da yawa mahaɗar L5 da S1, gaɓar farko ta sakuram, takan fito fari saboda ɓangarorin kwatangwalo biyu sun rufe ta. Sai a yi mata ƙaramin hoto nata: tsakiyar haske santimita 4 ƙasa da saman kwatangwalo, santimita 5 bayan tsinin gaba, kVp 90 zuwa 100, fili a tsuke sosai. A fara duba babban hoton tukuna. In mahaɗar ta fito, ba dalilin ƙarawa.

Wanda ake zargin ya karye ba a juya shi. A bar shi rigingine yadda ya zo, a tsayar da faranti a gefensa, a harba hasken a kwance. Likita ya ga wannan kafin a motsa shi, in kuma za a motsa, mutane da yawa ne za su juya shi gaba ɗaya kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya.

Game da ƙarfin wuta, ƙarin kVp da kashi 15 cikin ɗari yana daidai da ninka mAs, wato yawan hasken da fitila ke fitarwa, kuma duk ƙarin kaurin jiki na santimita 4 zuwa 5 yana neman ninki. Hoton da wuta ta yi masa kaɗan yakan fito da tsakuwa-tsakuwa. Wanda ta yi wa yawa kuwa, a na'urar dijital, kyau yake ƙarawa, kwamfuta ta gyara shi, ba wanda zai yi ƙorafi. Ta haka ma'aikata ke ƙara wuta sannu a hankali ba su ankara ba. A riƙa duba lambar da na'ura ke nunawa ta yawan hasken da ya isa faranti bayan kowane hoto.

Sauran hotuna ba na kowa ba ne. Na karkace, inda ake juya jiki digiri 45, yana fito da siffar ɗan kare a kowane ƙashi: fiffike ne hancinsa, ginshiƙi idonsa, in aka ga baƙin layi a wuyansa kamar an sa masa abin wuya, tsagewa ce a siririn wurin da ke haɗa gaɓoɓin baka. In idon karen ya matsa can baya a kan ganga an juya jikin fiye da kima, in ya matso gaba juyin bai isa ba. Amma hotuna biyu ne ƙari, kuma tsagewar da yawa tana fitowa a hoton gefe, CT kuma ya fi nuna ta, don haka wurare da yawa sun daina yinsa sai an nema. Na sunkuyo da banƙarewa ana yinsa a tsaye don a ga ko ƙashi yana zamewa. Motsin da ya wuce milimita 3 zuwa 4 abin lura ne. Ba a yinsa ga sabon rauni. In tambayar gocewa ce ko karkacewa, a ɗauka a tsaye, domin kwanciya tana mayar da ƙashin da ya goce mazauninsa.

Karanta hoton

A fara da suna, kwanan wata, da alamar gefe. Sai ƙirga. A nemo haƙarƙari na ƙarshe, a sauko ɗaya bayan ɗaya. Wasu mutane L5 nasu ya manne da sakuram, wasu kuma S1 ya rabu ya zama kamar na shida. Wannan halitta ce, amma in ba a rubuta yadda aka ƙirga ba, likitan tiyata yana iya buɗe matakin da ba shi ba.

A hoton gaba kowane ƙashi fuskar mujiya ce: ginshiƙai biyu idanu, ƙaya baki. A bi su ɗaya-ɗaya ana haɗa ido da kowace mujiya. In ɗaya ta kashe ido guda, wato da'irar ginshiƙi ta ɓace, a zargi kansar da ta bazu, ko da sauran hoton lafiya yake. Tazarar idanun tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan daga L1 zuwa L5. In ta buɗe a ƙashi ɗaya fiye da na ƙasansa bayan rauni, gangar ta fashe ne. A duba fukafukai, waɗanda iskar hanji ke yawan ɓoyewa. Karayarsu ba ta da haɗari ga laka, amma tana nuna bugun ya kai inda ƙoda take, sai a duba fitsari ko da jini.

A hoton gefe a bi layi uku da ido: gaban ganguna, bayansu, da tushen ƙayoyi. Kowanne ya tafi sumul ba tsani. In ƙashi ya goce gaba, a raba saman na ƙasansa gida huɗu a ga inda bakin bayan na sama ya tsaya. Wannan shi ne ma'aunin Meyerding na 1932: mataki na ɗaya har kashi 25 cikin ɗari, na biyu har 50, na uku har 75, na huɗu har 100. Gocewar tsufa ta fi yawa a L4 kan L5, ta fi kama mata manya, ƙashin gaba ɗaya ne ke tafiya, kuma ba ta cika wuce kashi 30 ba. Ta tsagewa ta fi yawa a L5 kan S1, gangar ce ke tafiya ta bar ƙayarta a baya.

Sai tsayin ganguna. Ido ba mudu ba ne ko da ya san kima, a sa ma'auni: tsayin gaba, na tsakiya, da na baya, a gwada da maƙwabta. A tsarin Genant, raguwar kashi 20 zuwa 25 ƙaramar lotsawa ce, 25 zuwa 40 matsakaiciya, sama da 40 babba. T12 da L1 sukan ɗan fi gajarta ta gaba a lafiyayyen mutum, L5 kuma ya fi tsayi ta gaba, kada a kira su karaya. Mahaɗar T12 da L1 ita ce inda karaya ta fi faruwa, saboda nan ne ƙirji marar motsi ya haɗu da ƙugu mai motsi. Hoton da ya yanke wannan wurin bai amsa tambayar rauni ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne bangon baya na ganga. In gaba ce kawai ta lotsa, yawanci karayar a zaune take. In bangon baya ya rage tsayi ko ya turo cikin hanyar laka, a kwantar da mutum a nemi CT. Akwai kuma wadda ke tsaga ƙashi a kwance daga ƙaya har ganga, wadda likita Chance ya bayyana a 1948, ana ganinta ga wanda bel ɗin cinya ya riƙe a hatsarin mota, kuma sau da yawa tana tafe da raunin hanji. Wanda ya diro daga sama ya fasa ƙashin dunduniya a duba bayansa ko bai yi kuka da shi ba, domin kusan ɗaya cikin goma suna da karaya a can. In an ga karaya ɗaya a nemi ta biyu a wani matakin. Hoton ƙashi ba ya iya tantance sabuwa da tsohuwa da tabbaci, sai da tsohon hoto ko MRI.

Gurbin faifai yana ƙara faɗi daga sama har L4 da L5, na L5 da S1 kuma yakan ɗan fi tsukewa. Tsukewa tare da farin baki da tsiron ƙashi da ke fita a kwance kamar baki, wani lokaci da baƙin layin iska a ciki, tsufan faifai ne. Tsukewa tare da bakin ganguna biyu da suka zagwanye kamar gara ta ci, ƙwayar cuta ce har sai an tabbatar da akasin haka. Kansa takan ci ganga ta bar faifai. Tarin fuka, wanda likita Percivall Pott ya bayyana a 1779, yakan fara ta gaban ganga, ya daɗe bai taɓa faifai ba, ya bi ƙarƙashin jijiyar da ke ɗaure ganguna ta gaba zuwa maƙwabta, ya tara mugunya a gefe har inuwar tsokar da ke gangarowa gefen ƙasusuwan ta kumbura, a ƙarshe gangar ta rufta baya ya yi doro mai tsini.

Ƙashin da ya yi fari fat shi kaɗai yana sa a tuna kansar ƙullun ƙasan mafitsarar maza ko ta nono, da kansar kaluluwa, da cutar Paget mai sa ƙashi ya yi kauri. A jikin mai sikila tsakiyar bakin ganga ne ke lotsawa sama da ƙasa, ƙashin ya zama kamar harafin H. Ga matashin nan mai sandarewar safe, a dubi mahaɗun sakuram da kwatangwalo: bakinsu yana zagwanyewa a ɓangarorin biyu, daga baya su manne. Gangunan suna zama murabba'i, siraran gadoji suna hawa a tsaye daga ɗaya zuwa ɗaya har bayan ya koma kamar gora. Wannan yakan ɗauki shekaru kafin ya fito, MRI yana riga shi. Bayan da ya riga ya manne haka yana karyewa da ɗan bugu kamar busasshen kara, karayar kuma tana ɓuya, don haka in ya faɗi CT za a yi.

Karkacewa ana auna ta a dogon hoto na tsaye da kusurwar Cobb: layi a saman ƙashin da ya fi karkata ta sama, wani a ƙasan wanda ya fi karkata ta ƙasa, a auna kusurwar haɗuwarsu. Daga digiri 10 ake kiranta karkacewa. Bambancin da bai kai digiri 5 ba tsakanin hotuna biyu yana iya zama na hannun mai aunawa. In idanun mujiya suna nan daidai ba su juya ba, wataƙila zafi ne ya sa mutum ya karkata ko ƙafa ɗaya ta fi gajarta.

Kafin a rufe, a kalli abin da ba ƙashin baya ba: tsakuwar ƙoda, da farin layin alli a bangon babbar jijiyar jini da ke gaban ganguna. In bangon nan biyu ya buɗe fiye da santimita 3 a jikin dattijo mai ciwon baya, a tura shi sikanin ciki da gaggawa, domin jijiyar da ta kumbura tana iya fashewa.

Rubuta rahoto

Kusan duk wanda ya haura shekara hamsin za a ga tsiro da tsukewa a hotonsa. Wani nazari da aka wallafa a 2015, wanda ya tattara hotunan CT da MRI na mutanen da ba sa ciwon baya sam, ya sami alamun tsufan faifai a kashi 37 cikin ɗari na 'yan shekara 20, da kashi 96 na 'yan shekara 80. Mutumin da aka ce wa ƙashin bayansa ya lalace yakan daina sunkuyo, ya daina aiki, ya kwanta, tsoka ta raunana ciwon ya daɗe. Don haka a rubuta irin waɗannan a matsayin sauyin da ya dace da shekaru, a ajiye kalmomi masu nauyi ga abin da ya cancance su.

Rahoton ya faɗi hotunan da aka ɗauka da ko a tsaye ne ko a kwance, yadda aka ƙirga ƙasusuwan, wurin da bai fito sosai ba, sannan ya amsa tambayar da aka turo da ita kai tsaye. Misali: hoton gaba da na gefe a kwance, ƙasusuwan ƙugu biyar, L1 ya lotsa ta gaba da kashi 30 cikin ɗari, bangon baya da ginshiƙai lafiya, ba tsohon hoton da za a gwada, iskar hanji ta rufe fukafukan L2 na hagu, in zafin sabo ne a wannan wurin a yi MRI, a kuma auna ƙarfin ƙashi.